Kada Ka Goge Min Kwamfutar Nan

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da tsine wa Auta tun satin jiya, ku ɗan sassauta. Ku karanta wannan tukuna, sannan kowa ya san inda zai ajiye fushinsa.

*

Ranar Asabar da hantsi Babban Yaya ya yi sallama, wani dattijo na biye da shi da baƙar jaka a kafaɗa.

Ina falo ina ninke wa Umma wanki. Tun da Baba ya rasu wata huɗu da suka wuce, duk ranar da ba ni da aiki a asibiti a gidan nake wuni, don kada shiru ya cinye ta.

"Ga Injiniya nan," in ji Yaya, ko zama bai yi ba. "Ragowar haƙƙin Baba zai shigo asusun Umma cikin satin nan. Ba zan zuba ido a maimaita abin da aka yi mana ba. Yau za a wanke kwamfutar nan tas."

Abin da aka yi mana ba wanda ya manta. Sati uku da rasuwar Baba aka kwashe kuɗin sallamarsa daga asusun Umma, ba a bar komai ba. Banki suka ce daga kwamfutar gidanmu aka shiga, da kalmar sirri daidai, da lambar da suka turo wayar Umma. Auta ne kaɗai ke zaune a gidan tare da ita, ya gama karatu shekara biyu ba aiki. Yaya ya tsare shi a nan falon. Auta ya dubi Umma, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne." Yaya ya kwaɗa masa mari, ya watsa masa kaya waje. Tun ranar ba mu sake jin muryarsa ba, layinsa ma a kashe.

Umma ta fito daga ɗaki tana gyara mayafi. Suka gaisa da Injiniya, ya yi mata ta'aziyya.

"Malama, ba za ki gane ni ba," in ji shi yana murmushi. "'Yata ta biyu ta yi ajinki. Har yau in ta ga lissafi sai ta ce Allah ya saka wa Malama, ni kuwa in ce Allah ya saka wa bulalar Malama."

Umma ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, goma daga ciki tana shugabar makaranta.

"Allah ya yi mata albarka," ta ce. Sannan ta juya ga Yaya. "Babba, kwamfutar nan lafiyarta ƙalau. A bar ta."

"Umma, lafiyarta ƙalau aka yashe mu?"

"To a bari sai wani satin."

"Wani satin kuɗin sun riga sun shigo."

"A bari Laraba ta wuce."

Yaya ya dube ni, na dube shi.

"Me ke cikin Laraba, Umma?"

 Ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

Yaya ya sassauta murya. "Na san kayan Baba ne, ba kya son a taɓa. Ba jefar da ita za a yi ba. Injiniya, bismillah."

Muka shiga ɗakin karatun Baba. Komai yana nan yadda ya bari. Kujerarsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, tabaransa a kan littafi, kalandar bango tana nan a watan da ya rasu. Abu ɗaya na lura da shi: ko'ina akwai ƙura, amma teburin kwamfutar fes yake kamar kullum ana goge shi.

Injiniya ya zauna, ya rataya tabarau a hanci. Kafin ya kunna komai ya sunkuya bayan tebur ya zare wayar intanet.

"Wannan shi ne na farko," ya ce. "In kana zargin ɓarawo na cikin gida, ba ka fara shara ƙofa a buɗe."

Ya ɗaga madannan rubutu, wato kibod, zai gyara musu zama, wata 'yar takarda ta faɗo. Rubutun Baba ne, da jan biro. Injiniya ya karanta, ya girgiza kai.

"Kalmar sirrin banki ce wannan?"

"Ita ce," in ji Umma.

"Ranar haihuwar wa?"

"Auta."

"Allah ya jiƙan Malam. Ya kulle gida da kwaɗo mai kyau, ya rataye makullin a jikin ƙofa." Ya miƙa min takardar. "Anti, riƙe. Anjima za mu canja ta, amma ba a kan wannan kwamfutar ba. A wayarki, da datarki. Kalma doguwa, wadda ba sunan ɗa ba, ba ranar haihuwa ba, ba lambar gida ba."

Yaya ya yi tsaki. "Ai shi ya sa yaron bai sha wahala ba. An rubuta masa ranar haihuwarsa an ajiye."

Umma tana tsaye bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta fita ba.

Injiniya ya kunna kwamfutar. Ya yi ta buɗe wurare yana rufewa, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Can sai waƙar ta tsaya.

Ya matsa kusa da allon.

"Alhaji."

"Na'am?"

"Wa ya ce muku yaron nan ne ya kwashi kuɗin?"

"Shi da bakinsa."

"To."

Ya ci gaba da dannawa. Yaya ya matso ya tsaya a kansa.

"Mene ne 'to'? In ka ga wani abu ka faɗa."

Injiniya ya nuna wani ɗan hoto a allon da bakin biro.

"Ka ga wannan manhajar? Aikinta ɗaya ne. In aka sa ta, mutum yana can wata duniya zai riƙa ganin allon nan kamar yana zaune a kujerar nan. Ya motsa 'yar kibiyar da ke kan allo, ya buɗe banki, ya ga duk abin da aka rubuta. Ita 'yan damfara suke sa mutane su sauke."

"To shi ya sa ta."

"Mutumin da ke kwana a gida, ga kalmar sirri a ƙarƙashin madannai, me zai yi da ita? Wanda ke da makulli ba ya haura katanga, Alhaji."

"Wataƙila da abokansa suka haɗa baki."

"Wataƙila. Bari mu ga yaushe aka sa ta." Ya danna. "Talata, sha bakwai ga wata. Ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Aka daɗe a ciki sama da awa ɗaya."



"Maimaita ranar," na ce.

"Talata, sha bakwai."

Na zauna a hannun kujera.

"Yaya," na ce. "Ranar nan muna ofishin fansho ni da Auta."

"Ke kuma ta ina kika riƙe rana?"

"Tambarin ranar yana kan takardar da suka ba mu, kai ma ka gani. Tun bakwai na safe muka fita. Shi ya riƙe mana layi a rana ina zaune a inuwa. Ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Wayarsa ma ta mutu tun sha ɗaya, da tawa ya kira ka ka turo lambar fayil."



Wata uku ina kwana ina tashi da wannan ranar a kaina, ban taɓa tambayar banki ƙarfe nawa aka yi ba. Ya ce shi ne, na yarda. Saboda yana ɗan shekara sha bakwai ya taɓa ɗaukar wayar Yaya ya sayar. Shekara tara ke nan, amma a gidanmu kamar jiya.

"Ba za a iya sa ta daga nesa ba?" Yaya ya tambaya, muryarsa ta canja.

Injiniya ya cire tabarau.

"Sai wani ya zauna a nan ya danna 'na yarda' da hannunsa. Kuma lambar da banki ke turowa waya, sai wani ya karanta musu ita."

"To wa ke gida ranar?" in ji Yaya.

 

Injiniya ya fara tattara biro da filashinsa. "Bari in ɗan sha iska a waje."

"Zauna, Injiniya."

Umma ce. Ta shigo ɗakin a hankali, ta zauna a kan tabarmar sallar Baba da ke shimfiɗe a gefe, ta miƙe ƙafa.

"Zauna. Ka riga ka gani, ba abin da ya rage a ɓoye maka."

"Umma..." na ce.

"Ni ce."

Fankar sama tana ta juyawa. 

"Ni na danna. Ni na karanta musu lambar. Sau uku suka turo, sau uku na karanta."

Yaya ya jingina da bango.

"Wani ne ya kira," ta ce, idonta a kan yatsun ƙafarta. "Ya ce daga banki ne. Ya kira sunan mahaifinku cikakke. Ya yi min gaisuwa, ya ce Malam mutumin kirki ne, duk sanda ya zo reshensu sai ya tambayi lafiyar masu gadi. Ya ce akwai gyaran da za a yi a asusun saboda rasuwa, in ba a yi ranar ba za a rufe shi, sai an je kotu. Na ce a bari yarana su dawo. Ya ce Mama kada ki wahalar da su, suna cikin jimami, ni ma ɗanki ne, zan bi da ke a hankali."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Ya bi da ni a hankali kuwa. In na danna ba daidai ba sai ya ce ba komai Mama, sake. Ya tambaye ni ko ina iya barci. Ya tambayi ciwon da ya ɗauki Malam. Na ba shi labari tun daga ranar da aka kwantar da shi. Bai katse ni ba ko sau ɗaya."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Tun da masu gaisuwa suka watse, ba wanda ya zauna ya saurare ni awa ɗaya cur sai shi. Da zai ajiye waya har albarka na sa masa."

Na rufe bakina da hannu.

"Da yamma saƙonni suka fara shigowa. Na karanta na farko, na karanta na biyu. Ni da na koyar da lissafi shekara talatin, na kasa gane abin da ke gabana. Auta ya shigo ɗakin nan ya same ni a ƙasa."

"Ya sani ke nan," in ji Yaya. "Tun ranar."

"Tun ranar. Shi ya kira banki aka rufe. Shi ya zauna ya toshe abin da suka sa."

Injiniya ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne. An kashe ta tun ranar, an hana ta tashi. Bai goge ta ba ne kawai, ina jin don ta zama shaida."

Yaya ya zame a jikin bango har ya tsuguna. Babban mutum mai 'ya'ya huɗu, ma'aikata ashirin a ƙarƙashinsa.

"Umma. Kina tsaye na mare shi."

"Ina tsaye."

"Kina tsaye na ce masa ɓarawo. Na ce ya ci gumin Baba tun kabarinsa bai bushe ba."

"Na ji."

"Na jefa masa jaka a kwata, Umma! Maƙwabta suna kallo!"

"Na gani, Babba."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko.

"Tun ranar da aka kai mahaifinku kake cewa in tattara in koma gidanka. Ka ce na tsufa, ba zan iya riƙe gida ba, a sa haya a nan. Na ce maka da hankalina. Da wane baki zan ce maka sati uku kacal wani ya kira ni a waya na miƙa masa wahalar mahaifinku ta shekara talatin da biyu?"

"Sai ki bar ɗanki ya ɗauka?"

"Na ce zan faɗa. Wallahi na ce zan faɗa. Ya riƙe min hannu a nan, a kan tabarmar nan, ya ce Umma ki yi shiru. In Yaya ya ji, ba za ki ƙara kwana a ɗakin Baba ba. Ya ce ke sunanki ne zai zube a gari, ni kuwa dama ba ni da sunan da zai zube. Ya ce ni an saba."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta karya ni. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai sauti.

"Na ɗauka faɗa za ka yi masa ka huce," in ji Umma. "Ban san za ka kore shi ba. Da ka ɗaga hannu na buɗe baki, sai ya dube ni ya girgiza kai. Na rufe. Kullum in na yi salla sai in ce gobe zan kira ka. Goben ta yi wata uku."

 Yaya ya kalli tafin hannunsa na dama ya daɗe yana kallo.

Injiniya ya yi gyaran murya.

"Malama, ki yafe ni, ba hurumina ba ne. Amma a watan nan kaɗai na je gida biyar a kan irin wannan. Akwai lauya a ciki, akwai wanda ya yi ritaya daga bankin ma. Mutanen nan ba wawaye suke nema ba. Masu makoki suke nema, da marasa lafiya, da wanda ke zaune shi kaɗai. Sana'arsu ce, suna da takardar abin da za su faɗa. Banki ba ya kiran mutum ya ce ya sauke wani abu, ba ya tambayar lamba. Amma wanda zuciyarsa ke ciwo ba ya tuna wannan."

"Na gode," in ji Umma. "Amma su kuɗi suka ɗauka. Ɗana ni na bayar."

Injiniya ya mayar da tabarau, ya juya ga allon kamar mai neman wurin ɓuya. Ya ɗan danna, sai ya tsaya.

"Akwai ta biyu."

Na ɗago. "Ta biyu me?"

"Wata manhajar shiga daga nesa. Amma wannan daban ce. An sa ta kwana biyu bayan waccan, an ɗaure ta da kyau, na'ura ɗaya tak aka yarda ta shigo. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa." Ya bi jerin da yatsa. "Ana shigowa duk Laraba, ƙarfe biyu na rana. Minti ashirin, rabin awa. A sabunta kariyar kwamfuta, a bincika ko akwai ƙwayar cuta, a duba ko an sa wani sabon abu, a fita. Ba a taɓa buɗe banki ba ko sau ɗaya." Ya sa hannu a linzamin kwamfutar, wato mawus. "Ko ma dai wane ne, ƙa'ida ita ce a cire."

"Kada ka goge!"

Ban taɓa ganin Umma ta tashi da sauri haka ba tun da gwiwa ta fara damun ta. Ta riƙe hannun kujerar da hannu biyu.

"Don girman Allah kada ka goge min. Auta ne."

Yaya ya miƙe.

"Da safen ranar da ka zo ka kore shi, kamar ya san abin da zai faru, ya ce min Umma duk inda nake, ki riƙa kunna ta ranar Laraba bayan azahar, zan duba miki ita. Ya canja layi, ban san unguwar da yake ba, ban san me yake ci ba. Amma duk Laraba ina kunnawa in zauna a kujerar nan. Ƙarfe biyu na yi sai in ga 'yar kibiyar nan ta motsa da kanta."

Ta nuna allon.

"In ta motsa na san yana raye. Shi ke nan abin da nake da shi."

Sai yanzu na gane dalilin da teburin ba ya ƙura.

"Kuna magana?" na tambaya.

"Ina rubuta masa. Akwai wani shafi, ya nuna min yadda ake buɗewa."

Injiniya ya dube ta, ta gyaɗa kai. Ya buɗe. Rubutu ne gajeru, kowanne da ranarsa, irin na mai neman harafi ɗaya-ɗaya da yatsa.

*Auta ka ci abinci?*

*Auta takalminka na ƙwallo yana bayan ƙofa ban ɗauke ba.*

*Yau na yi niyyar gaya wa yayanka na kasa. Ka yafe min.*

*Ana ruwa sosai. Inda kake yana yoyo?*

*Auta ko harafi ɗaya ne ka rubuta.*

A ƙarƙashin wannan na ƙarshen ne kawai aka amsa, layi ɗaya.

*Umma lafiyata ƙalau. Kada ki karanta wa kowa lamba a waya, ko da muryata kika ji.*

Yaya ya juya mana baya, ya dafa bango da hannu biyu. Kafaɗunsa suna girgiza.

Injiniya ya gangara ƙasan jerin. 

"Malama, shigowar ƙarshe..."

"Na sani," ta ce. "Laraba biyu ke nan ba ta motsa ba. Ta farko na ce ko wuta ce babu a wurinsu. Ta biyu na zauna tun azahar har aka kira magariba. Tun ranar kullum a kunne take wuni, jiya ne kawai na kashe da na ji za ku zo."

"Kwana goma sha bakwai," na ce a hankali. "Umma, kwana goma sha bakwai kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina zuwa ina ninke miki kaya?"

"In na ce miki bai shigo ba, sai kin tambaye ni ina yake shigowa."

Injiniya ya haɗa yatsunsa a kan tebur.

"Zan faɗa muku gaskiya, ku yanke. Aikin da aka kira ni in yi shi ne in rufe duk wata ƙofa. Wannan ma ƙofa ce. Muddin na'urar tana hannunsa, lafiya. In ta ɓace, ko aka sace, ko ya sayar, duk wanda ta faɗa hannunsa yana cikin ɗakin nan tare da ku. Kuma kwana goma sha bakwai ba mu san hannun wa take ba."

"A bar ta," in ji Yaya, bai juyo ba.

"Alhaji, kuɗin da za su shigo fa?"

"Su ƙone. A bar ta."

"Ba sai sun ƙone ba." Injiniya ya ja numfashi. "Ga yadda za a yi. Daga yau ba a ƙara shiga banki a kan wannan kwamfutar. Zan share duk kalmar sirrin da ta haddace, in cire ta ɓarayin bayan na kwafi shaidar. Banki sai a wata na'urar daban, wadda ba a yin komai da ita sai shi. Wannan kuwa a bar ta fanko, ba komai a ciki sai shafin Malama. In ɓarawo ya shigo, ya tarar da ɗaki ba kaya."

Umma ta saki kujerar. "Allah ya yi maka albarka."

Aikin ya ɗauke shi kusan awa ɗaya. Na fita baranda na canja kalmar sirrin banki a wayata, Umma na gefena tana maimaita sabuwar a zuci har ta zauna mata. Takardar Baba mai jan biro ta karɓa ta ninke ta sa a cikin littafinsa. Yaya yana tsakar gida yana kiran duk wanda ya san Auta, ɗaya bayan ɗaya. Ina jin sa yana cewa, "A'a, ba laifi ya yi ba. Ni ne na yi." Ba wanda ya san inda yake.

Wajen ƙarfe ɗaya Injiniya ya kira mu.

"Na gama. Zan mayar da intanet in gwada."

Ya sunkuya ya soka wayar. 'Yar fitilar akwatin intanet ta koma kore. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ɗauki jakarsa yana neman zif.

"Ranar Laraba in Allah ya kai mu zan dawo da kaina, mu zauna tare mu..."

Umma ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni.

Kibiyar tana motsi.

Ba wanda ke kusa da linzamin. Ta tafi hagu, ta dawo, ta yi ta yawo a allon kamar baƙo a cikin gidan da bai sani ba.

"Auta," in ji Umma. "Auta ne!"

"Yau Asabar," in ji Injiniya. Ya ajiye jakar a hankali. "Kuma wannan ba hannunsa ba ne. Mai wannan hannun bai san inda abubuwa suke ba. Kada kowa ya taɓa komai."

Kibiyar ta sami shafin Umma. Ta buɗe. Haruffa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, ana gogewa ana sakewa.

*Salamu alaikum. Ba shi ba ne.*

Yaya ya matso har numfashinsa na taɓa min wuya.

*Tare muke aiki a shagon gyaran waya. Yau aka ba ni jakarsa. Na ga takarda a ciki ya rubuta yadda ake shiga nan, ya rubuta UMMA a sama.*

*Akwai mutum a wurin?*

Injiniya ya tsuguna ya kama wayar intanet, bai zare ba.

"Malama, ki saurare ni. Haka suke farawa. Yaron da ya ɗaure kwamfutar nan haka, ban ga yadda zai rubuta sirrinta a takarda ya bari a jaka ba. Kina cewa eh, abu na gaba za a ce a turo kuɗin magani. Ki ba ni izini in zare."

"In kuma gaskiya ne?" in ji Yaya.



Umma ta ja kujerar Baba ta zauna. Ta jawo madannan gabanta. Da yatsa ɗaya, tana neman kowane harafi, ta rubuta:

*Ni ce mahaifiyarsa. Ina ɗana?*

Kibiyar ta tsaya cak.

Muka jira. Aka fara rubutu, aka goge. Aka sake farawa, aka sake gogewa.

Sannan layi ya fito.

*Mama, ke kaɗai ce a ɗakin? In ke kaɗai ce, ba zan rubuta ba.*